Saniyar Gogo a Jirgin Samaniya

A bakin garejin Mahdi mai walda, nan unguwarmu Yerimaram, na yi alƙawarin koya wa furodusan "Baƙin Samaniya" hankali. Ban faɗa a ɓoye ba. Miƙewa na yi tsaye, na buga sandata da ƙasa, na ɗaga murya har mai shayi ya fasa zuba madara ya juyo.

"Baƙin Samaniya" shiri ne mai dogon zango da ake nunawa a talabijin duk mako, labarin wasu halittu na wata duniya da ke saukowa ƙasar Hausa cikin jirgi mai kama da faifai. Muna sonsa kamar me, kuma ba mu da aikin da ya wuce zaginsa. Da an gama nunawa sai majalisarmu ta koma kotu. Me ya sa baƙon da ya fito daga bayan wata yake Hausar Kano? Me ya sa furodusa ya kashe Kyaftin Asma'u, ita kaɗai mai hankali a jirgin, ya bar mana wani ƙato da bai iya komai ba sai danna maɓalli? Duk wannan mun haɗiye. Amma ranar da baƙin suka zo satar shanu, suka buɗe ƙofar jirgi, suka haska wata koriyar fitila, saniya ta taka da ƙafarta ta shige salin alin, abin ya tsaya mana a wuya.

A Potiskum fa ake! Garin da ko jariri ya san kafin saniya ta hau tirela a kara, kasuwar shanu, sai ƙarti sun jiƙe da gumi, wannan yana jan igiya, wancan yana murɗa wutsiya, wani ya sa kafaɗa yana salati.

"Wannan cin mutuncin shanu ne," na ce. "Furodusan nan bai taɓa ganin saniya ba sai a tukunya. Ni jinin makiyaya ne, ku tambaye ni."

Gaskiya ne mahaifina makiyayi ne na ƙwarai, Allah ya jiƙansa. Ni kuwa a gari na tashi, caja da murfin waya nake sayarwa, kusancina da saniya bai wuce ƙwaryar fura da nono ba. Amma sandar kiwonsa tana hannuna, ta yi baƙi ta yi santsi da gumin tafinsa. Saboda ita ake kirana Ardo, kuma in na buga ta da ƙasa a majalisa ana yin shiru. Ina son sandar nan fiye da yadda zan iya faɗa.

Mahdi ya ɗaga gilashin waldarsa ya dube ni. Babarbare ne, ni kuma Bafulatani, tsakaninmu akwai wasa, ba ya raga mini ko ranar Sallah.

"Fulata, zauna. Kai da ko akuya ba ka taɓa ɗaurewa ba?"

"Bawana, kai dai ƙera mini jirgi. Zan shirya wannan fitowar yadda ya kamata, da saniya ta gaske, da dambe na gaske, in aika wa furodusa ya gani ya ji kunya."

"In ƙera maka jirgi?"

"Ko ba ka iya ba ne?"

Kada ka ce wa Babarbare bai iya ba. Kafin in rufe baki ya fara auna kwano.

Jirgi ya samu, saura saniya. Na hau mota zuwa Mamudo wajen Gogo, ƙanwar mahaifina, wadda har yau ba ta yarda gari wurin zama ne ba. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye mata goro da sukari, sannan na kawo maganar. Ta saurare ni tana kaɗa nono, ba ta ɗago ba.

"Mutanen sama ne ke son naggen?" Nagge saniya ke nan a bakinta.

"A'a Gogo, fim ne. Ni zan zama mutumin saman."

"Kai ɗin?" Ta dube ni daga hula zuwa takalmi. "To. Woɗe ce mai haƙuri, ita zan ba ka. Amma tana da ɗan maraƙi. In rana ta faɗi bai sha nono ba, ka kawo mini sandar yayana ka ajiye. Dama ba ta da aiki a shagon waya."

"Gogo, kafin la'asar ma tana gida."

"Na ji bakinka. Saura in ga ƙafarka."

Mahdi ya samo a-kori-kurar wani direba, Auwal, wata tsohuwar mota da ba ta tashi sai an tura. Ya lulluɓe bayanta da kwano, ya fitar mata da fukafuki zagaye kamar faifai, ya bar ƙofa a baya da 'yar taga a gaba, ya liƙa fitilun keke napep ko'ina. Ni ma na yi shiri. Na sa Mahdi ya fesa wa tsohuwar rigata fenti ruwan azurfa, ragowar na shafa a fuska da hannu. Na ɗauki matatar taliyar matata Munawwara na kifa a ka, na soka mata eriyar rediyo biyu. Da ta gan ni ta dafa ƙirji.

"Baban Hanifa, aljanu ne?"

"Fasaha ce."

"To fasahar ta dawo mini da matatata kafin girkin rana."

Ranar ɗauka, Bubayaro ɗan Gogo ya koro Woɗe da ƙafa tun da safe, ya ɗaure ta a gindin dogon yaro. Ja ce, ƙahonta kamar an buɗe hannu ana addu'a. Ya ce zai tsaya ya taya ni. Na ce masa ya tafi harkarsa Danchuwa, Ardo ba ya bukatar mataimaki. Ya ɗaga kafaɗa ya tafi.

Ban tsaya nan ba. Na gayyato 'yan lodin kara su zo su zama shaida, na sanar a guruf ɗin masoyan shirin cewa yau gaskiya za ta yi halinta, na kuma sa Auwal ya riƙa watsawa kai tsaye da wayarsa, don kada furodusa ya ce haɗi ne. Kafin hantsi filin gaban gareji ya cika, har kan katanga.

Nan na fara ɗanɗana kuɗata. Ashe suka daɗi gare ta in kai ke yi.

"Wannan jirgin samaniya ne ko kejin kaji?"

"Mutanen sama da kwano mai tsatsa?"

Falmata mai ƙosai, maƙwabciyar Mahdi, ta bar kasko a wuta ta matso tana riƙe da matsami. "Ni dai baƙon ne bai yi mini ba. Ina aka taɓa baƙon samaniya da silifas? Ga tumbi. Na talabijin aƙalla siriri ne."

"Yaya Falmata, ku bari a gama ku gani mana!"

"Kai ka taɓa bari an gama?"

Na yi kamar ban ji ba. Aka jingina faffaɗan katako daga ƙasa zuwa ƙofar jirgi. Na juya wajen waya, na gyara matatar da ke kaina, na yi jawabi.

"Jama'ar duniya, ga saniya, ga jirgi. Yanzu za ku ga yaƙi. Za ta tirje, za ta yi harbi, za ta iya karya mutum. Masu raunin zuciya su kau da kai. Furodusa, buɗe idonka ka koyi darasi."

Na kwance igiya daga nesa, da tsinin sanda, don kada a ce na yi mata dabara. Mahdi ya kunna koriyar fitila.

Woɗe ta ɗaga hanci ta shaƙi iska. Ta tako, ta wuce ni kamar ba a halicce ni ba, ta hau katakon a natse, ta karkata ƙaho ɗaya, ta karkata ɗayan, ta shige. Wutsiya ce ta ƙarshe, ita ma ta kaɗa ta sau ɗaya ta bi.

Aka yi shiru, har ana jin ƙosan Falmata yana ƙonewa. Sai wani daga kan katanga ya ce, "Allah ya ja zamanin furodusa!" Fili ya kece da dariya.

"Yanke! Auwal, yanke!"

"Ardo, kai tsaye ne fa. Ba ya yankuwa."

Na leƙa ta ƙofa. Tana ta lasar ƙasan mota hankali kwance. Sai a lokacin na tuna sana'ar motar Auwal: dusa da kanwa take ɗauka daga injin niƙa, kuma tun da aka ƙera ta ba ta ga tsintsiya ba.

"An yi maguɗi," na ce wa waya. "Wannan gwaji ne. Za mu fito da ita mu sake."

Faɗa da baki. Jirgin Mahdi ya yi wa Woɗe cif, ba wurin juyawa, kuma ashe saniya ba ta son saukowa da baya. Na tsaya a ƙofa na ce mata ta fito. Na faɗa da Hausa, na faɗa da ɗan Fulatancin da ya rage mini, wanda daga baya aka ce mini gaisuwar safe ce. Na kama wutsiya da yatsa biyu na ja. Ta amsa mini da abin da shanu ke amsawa da shi, mai ɗumi, daidai kan silifas ɗin da Falmata ta raina.

Na juya wajen 'yan lodi. Suna zaune a inuwa, babbansu yana share hawaye da hularsa.

"'Yan'uwa, ku taimaka a sauke ta."

"Ardo, mu lodi muka iya. Tun da nake a kara ban taɓa sauke saniya ba. Sauka sai Legas."

"To ku kira na Legas ɗin!"

"Sai dai ka kai musu. Ga jirgi kana da shi."

Kowa ya zama malami. Wani ya ce a ɗaga gaban mota ta zamo. Muka tura motar kan tudu, Woɗe ta gyara tsayuwa ta ci gaba da lasa. Wani ya ce a hura mata hayaƙin barkono, ya hura, iska ta juyo da shi, rabin 'yan kallo suka watse da tari. Mahdi ya ce bari ya yanke rufin. Ya jawo inji, aka ɗauke wuta. Ya tayar da janareta, ƙarar ta sa Woɗe ta yi harbi ɗaya, kwanon gefe ya lotsa, fitilu uku suka zubo. Mahdi ya kashe janareta da kansa.

"Fulata, ni ba zan biya saniya ba, ba zan biya ƙafata ba. Kai ne Ardo. Shiga ta taga ka turo ta daga gaba."

Duk ido ya dawo kaina, har na waya. Na dubi rana, ta riga ta karkata. Na dubi sandata. Na kira Bubayaro, wayarsa a kashe. Na yi bisimilla, na hau kan mota, na jefa sanda ciki, na tura kai ta taga, ƙarti suka turo sauran. Tumbin da aka yi magana a kai ya ɗan yi gardama, sannan na faɗa ciki gaba ɗaya, kwanon tagar ya lanƙwashe a bayana.

Ban taɓa sanin fuskar saniya tana da girma haka ba. Ƙaho ta dama, ƙaho ta hagu, ni a tsakiya. Ta huro mini numfashi, eriya ɗaya ta faɗi.

"Tura mana!" in ji Mahdi daga waje.

"Ina nazari!"

"Muryarka ce ke rawa ko kwano ne?"

"Kwano ne!"

Na ɗora tafi a goshinta na ce, "Haba Woɗe, 'yar gidanmu." Ta zaro harshe kamar tsumman goge mota ta lashe ni daga haɓa zuwa goshi. Gumi na da gishiri, ta samu abin da ya fi kanwa. Ta matso, ta danne ni da bango, ta kama aiki. Na yi ihu. A waje aka yi tafi, wani yana cewa yanzu fim ya fara kyau.

Ta taga ba fita, ta ƙofa saniya ta toshe. Aka kira la'asar ina ciki. Na ji muryar Munawwara kusa da kwano.

"Baban Hanifa, kana da rai?"

"Ina da shi."

"To miƙo matatar ta taga, taliya ta dahu tun ɗazu."

Na miƙa. Aƙalla wani abu ya fita daga jirgin.

Dabara ta ƙarshe tawa ce, kuma har yau ina ganin ita kaɗai ce mai kyau. Na buga kwano na ce, "Auwal, ja mu Mamudo haka nan! Mu isa kafin rana ta faɗi!"

Aka tura mota ta tashi. Ba mu yi nisa ba fukafukin Mahdi ya kwashi rumfar Falmata, muka tafi da buhunta yana kaɗawa kamar tuta, ita kuma tana bin mu da matsami da addu'o'in da ba na alheri ba. A bakin lungu jirgi ya maƙale tsakanin katanga biyu. Aka yi baya, aka yi gaba, aka lanƙwasa fiffike ɗaya sama da guduma. Duk bugun guduma Woɗe na taka mini ƙafa.

Da muka hau titi sai ga rakiya. 'Yan acaɓa, 'yan keke napep, masu ƙafa, kowa yana hon ko ihu. Auwal ba ya iya gudu, don da ya taka sai iska ta shiga ƙarƙashin faifai motar ta nemi tashi da gaske. Mahdi ya ɗare bayan wani babur da wayar Auwal a hannu, ya jero da tagata yana karanto mini abin da duniya ke rubutawa.

"Wani daga Gombe ya ce a cire baƙon a bar saniyar, ita ta iya aktin."

"Ƙyale shi, ɗan hassada ne."

"Wata ta ce wa ya rubuta labarin nan, ba shi da kai ba shi da gindi."

"Ta zo ta rubuta nata!"

Sai ya fashe da dariya har babur ya yi tangal-tangal. "Fulata! Furodusa da kansa ya shigo! Ya ce yana godiya ga masana shanu na Potiskum da suka tabbatar da bincikensa. Ya ce ko za ka ba shi aron jirgin?"

Ta 'yar kafar taga nake kallon rana tana jan jiki bayan gonaki, ta yi ja, tana sauka, mota na tafiyar hawainiya. Na rungume sandar da hannu biyu. A nan dariyar ta fita daga raina, na ji tsoro na gaske.

Saura kaɗan mu isa mota ta yi tari ta mutu. 'Yan rakiya suka sauko suka tura, Allah ya saka musu, ko da yake suna turawa suna waƙa da sunana. Muka shiga Mamudo ana kiran magariba.

Tun daga nesa na ji kukan ɗan maraƙi, murya duk ta dishe. Woɗe ma ta ji. Ta ɗaga kai, ta yi wani kuka da ya girgiza kwano, sannan saniyar da ta gagari gari guda ta ja da baya da kanta. Ba ta nemi katako ba. Ta dira ƙasa da ƙofar jirgi rataye a ƙugunta, ta karkaɗe ta, ta ruga garke.

Na rarrafo na fito. Rabin fuskata azurfa, rabin an lashe, silifas ɗaya. Gogo na tsaye da ƙwarya a hannu, mutanen Potiskum da na Mamudo sun yi mata da'ira. Ta daɗe tana dubana.

"Wannan wane ne?"

"Ni ne, Gogo. Idrisu."

"Mutanen saman ne suka dawo da kai?"

Na durƙusa. "Gogo, ai ga ta ta iso lafiya. Mintoci ne kawai..."

Hannu kawai ta miƙo. Na waiwaya ko wani zai sa baki. Mahdi, wanda bakinsa bai rufu ba tun safe, ya sunkuyar da kai, ya kashe wayar ya sa a aljihu. Na ɗora mata sandar a tafi. Ta shafa ta tun daga kai har gindi, a hankali, ta tsaya daidai inda hannun yayanta ya cinye itacen, na ga idonta ya kawo ruwa. Nawa ma ya kawo, sai dai fenti ya rufa mini asiri.

Ta juya ta nufi garke. Ƙyauren maruƙa ya daɗe da saki, iska na buɗe shi. Ta ja shi ta rufe, ta tokare da sandar, ta gwada da hannu ta ji ya tsaya.

"Yawwa," ta ce. "Yau ta koma bakin aiki. Kai kuma zo ka riƙe mini ƙwarya in yi tatsa, in ba ita ma tsoronta kake ji ba."